Na Koma Kolo Ina Da Shekara Talatin: Yadda Na Koyi Karatu Da Rubutun Sinanci

A unguwar Fagge ta birnin Kano aka haife ni a shekarar 1984, kuma kamar yawancin sa'o'ina, allo na fara riƙewa kafin fensir. Na yi babbaƙu da farfaru a zauren wani malami maƙwabcinmu, na sauke Alƙur'ani ina da shekara goma sha biyar, a ɓangaren boko kuma na kai har difloma a fannin akanta. Saboda haka lokacin da kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ɗauke ni zuwa shagonsa na shadda da yadi a Kantin Kwari, ni ne mai riƙe littafin shige da fice na kaya, ni ne mai karanta masa takardun banki da na kwastan, kuma ko wasiƙar ajami wani abokin ciniki ya aiko daga Damagaram ko Agadas, gabana ake kawo ta. Na faɗi wannan ne domin a san irin mutumin da ya sauka a filin jirgin sama na Baiyun a birnin Guangzhou na ƙasar Sin cikin watan Oktoban 2012, wato mutumin da bai taɓa tsayawa gaban wani rubutu ya rasa ta inda zai kama ba.

Tun daga ƙofar fita na ga alluna ko'ina, manya da ƙanana, a goshin shaguna da jikin motoci, amma ko ɗaya bai ce mini komai ba, domin ban san inda harafi ya fara ba balle inda ya ƙare, kuma idan aka miƙo mini takarda ban san ko a daidai nake riƙe da ita ko a juye ba. Na sauka a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi taruwa, kuma a can mutum yana iya yin wata guda bai buƙaci Sinanci ba, saboda ga 'yan Kano da 'yan Maraɗi, ga mutanen Mali da na Gini, ga tafintoci da dillalai suna jiran baƙo. Ciniki kuwa da kalkuleta ake yin sa: mai kaya ya danna farashi ya miƙo, kai ka goge ka danna naka ka mayar masa, a yi ta yi har a daidaita. Abokaina na Kwari sukan zolaye ni da zancen nan na neman ilimi ko da a birnin Sin ne, ni kuwa nakan ce musu shadda aka aike ni nema, kuma a lokacin iyakar gaskiyata ke nan.

A tafiyata ta uku, cikin 2013, muka yi odar kwantena guda ta farin yadi daga wata masana'anta, bisa sharaɗin auduga zalla, irin wanda masu rini suke saya. Tafinta ya yi magana da mai masana'antar, aka sha shayi, aka yi raha, sannan aka kawo takarda shafi biyu. Na duba abin da idona ya iya ganewa, wato lambobin yawan yadi da kuɗi da kwanan wata, na sa hannu, su kuma suka buga jan hatiminsu. Bayan kusan wata uku kaya suka iso Kano, kuma ba a yi mako guda ba masu rini suka fara dawo da su, suna cewa yadin ya ƙi shan launi. Kawu ya zare 'yan zaruruwa daga bakin yadin ya kyasta ashana, maimakon su zama toka mai laushi kamar yadda auduga take yi, sai suka narke suka dunƙule suka bar ɗan baƙin ƙullutu mai tauri kamar an ƙona leda. Muka nemo wani ɗan unguwarmu da ya yi karatun likita a ƙasar Sin, ya karanta takardar, ya ɗora yatsa a kan haruffa biyu, 涤棉, ya ce ma'anarsu haɗin roba da auduga, kuma robar ce ta fi yawa tunda ita aka fara ambata. Da auduga zalla ce, in ji shi, da 全棉 za a rubuta. Harafi ɗaya tak ne bambancin, kuma shi ya cinye ribar shekararmu.

Kawu bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Bayan an tashi daga kasuwa ya kira ni cikin shago ya ce: “Ɗana, ai takarda ba ta yi ƙarya ba, abin da aka rubuta shi aka aiko. Ni da nake bugun ƙirji a layin nan cewa ina da yaro mai karatu, ashe dangwale ka je ka yi musu.” Na ce: “Kawu, a yi haƙuri, in Allah ya yarda ba za a kuma ba.” Kalmar dangwale ɗin nan ita ta hana ni barci kwanaki, domin na sha ganin tsofaffi a banki suna dangwala babban yatsa a kan abin da ba su san me ya ƙunsa ba, ina tausaya musu, ban taɓa kawowa cewa ni ma haka nake a idon wasu ba. A watan Satumban 2014, da izinin Kawu, na bar matata da ɗiyarmu ta fari a gida, na shiga ajin koyon harshe na baƙi a wata jami'a da ke Guangzhou, da safe ina aji, da rana ina kasuwar yadi ta Zhongda ina duba wa shago kaya.

Makonnin farko sun ruɗe ni, domin sun zo da sauƙi. Ana farawa ne da pinyin, wato rubuta sautin Sinanci da haruffan boko, tsarin da gwamnatinsu ta amince da shi a 1958, kuma duk wanda ya iya karanta Hausar boko zai kama shi cikin kwanaki. Sai karin sauti guda huɗu, wanda ya wahalar da 'yan ajinmu na Rasha da Kazakistan da Yaman ƙwarai. Gaɓar “ma” idan aka ja ta sama a miƙe uwa ce, idan ta hau rama ce irin ta igiya, idan ta sauka ta sake hawa doki ne, idan kuma ta faɗo da ƙarfi zagi ne. Ni wannan bai zama mini baƙo ba, domin kunnen da ya saba raba wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha, ko kukan yaro da kukar miya, ko baban da ya haife ka da baban da ake rini da shi, bai buƙatar a gamsar da shi cewa hawa da saukar murya suna sauya ma'ana. Malamarmu, wadda muke kira Laoshi kamar yadda ake kiran kowane malami a can, ta yaba mini a gaban aji, kuma ta ba ni sunan dangi na Ma, wanda ake rubutawa da harafin doki, 马, ta ce Musulmin ƙasarsu da yawa shi ne sunan danginsu. Kaina ya kumbura, na ɗauka kafin babbar salla zan gama da Sinanci.

Ranar da aka raba mana littafin rubutu mai gidaje na san cewa ban ma fara ba. Kowane gida murabba'i ne da aka raba huɗu da ɗige-ɗige, suna kiransa da sunan harafin gona, 田, saboda kamarsa ke nan, kuma a cikinsa yaran ƙasar suke koyon zaunar da harafi daidai, kada ya karkata ko ya cika gefe ɗaya. Muna cewa harafi ne saboda babu kalmar da ta fi kusa, amma kowane ɗaya gaɓa ce sukutum da sautinta da ma'anarta. Larabci yana da baƙaƙe 28, wanda ya san su da wasullansu zai iya furta duk abin da aka rubuta. A nan kuwa jerin haruffan da hukuma ta fitar a 2013 ya ƙunshi 8,105, kuma rukunin farko kaɗai, wanda ake sa ran duk wanda ya gama karatun dole ya sani, guda 3,500 ne. Kowannensu ana gina shi da ƙidayayyun zane, wato jan alƙalami ɗaya ba tare da an ɗaga hannu ba, kuma zanen yana da tsarin da ba a saɓawa: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, na kwance kafin na tsaye, a shiga ɗaki kafin a rufe ƙofa. Mutum, 人, zane biyu ne. A gitta masa ɗaya ya zama babba, 大. A ƙara wani a sama ya zama sararin sama, 天. A ɗiga ɗigo a kafaɗar babban nan ta dama kuwa, ya koma kare, 犬. Na taɓa ɗiga ɗigon a inda bai dace ba a wata shifta, kuma jan biron Laoshi bai yafe mini ba.

Dokarta ita ce kowane sabon harafi a rubuta shi sau ashirin, kuma kowace safiya akwai shifta. Wasu 'yan ajin suka yi ƙorafi cewa wannan tsohon yayi ne, cewa a zamanin waya babu mai buƙatar cika shafi da harafi ɗaya. Ni dai ban sa baki ba, saboda na gane wurin da nake. Wata rana da daddare, ina zaune a ɗan ɗakina ina maimaita harafi ina furta shi a hankali, sai na lura jikina yana rangaji gaba da baya kamar yadda muke yi a gaban malam, na yi dariya ni kaɗai. Makarantar allo ce ta dawo mini: a rubuta, a biya, a maimaita har ya zauna, a wanke, a yi ƙari. Abin da na koya ina yaro ba tare da na san sunansa ba shi ne cewa hannu yana da haddarsa daban da ta kai, kuma ita ce ta cece ni, domin sau da yawa a shifta kaina yakan ce bai san harafin ba, amma da na ɗora biro sai hannun ya tafi da kansa har ya kai ƙarshe. Bambanci ɗaya ne ya daɗe yana ba ni mamaki. A allo na yi shekaru ina karanta Larabci daram ba tare da na san ma'anarsa ba, a Sinanci kuwa sau da yawa nakan san abin da harafi yake nufi alhali na kasa furta shi.

Wajen wata na huɗu abin ya fara buɗewa, lokacin da na daina ganin harafi a matsayin tarin karare na fara ganin ginshiƙansa. Mafi yawan haruffan gida biyu ne, ɓangare ɗaya yana nuna dangin ma'ana, ɗayan yana nuna kusan yadda ake furtawa. Dokin nan na sunana, idan aka jingina masa mace ya zama uwa, 妈, idan aka jingina masa dutse ya zama 码, wanda shi ne yadin awo da nake faɗa kullum a kasuwa, kuma dukansu “ma” ake cewa. Tushen ma'anar nan, a tsohon lissafi, guda 214 ne, kuma na fara da waɗanda suka shafi abincina. Akwai tushen zare, 纟, wanda yake cikin kaɗi da saƙa da zare da surfani, har ma da ja da kore, tunda a jikin zare aka fi sanin launi. Da na gane wannan sai na ji kamar wani masaƙi ne ya zauna ya tsara rubutun domin irina.

Amma tushen da ya tsaya mini a rai shi ne 贝. Laoshi ta zana tsohuwar surarsa a allo, wani abu mai kama da ƙwai da tsaga a tsakiya, ta ce wani ƙaramin ƙwanson teku ne da kakanninsu suke ciniki da shi fiye da shekara dubu uku da suka wuce, shi ya sa kusan duk harafin da ya shafi dukiya yake ɗauke da shi. Ta jero su: haja 货, tsada 贵, lissafin bashi 账, riba 赚, biyan diyya 赔, ɓarawo 贼, da talauci 贫, wanda aka gina da harafin rabawa a kan ƙwanson, wato dukiyar da aka yi ta rabawa har ta ƙare. Ina kallon zanen sai na ga ai wuri ne, wurin nan da ake ɗinka wa yara a laya, wanda kakanninmu suka yi ta ƙirgawa a kasuwar Kurmi har zuwan Turawa. Na ɗaga hannu, da guntun Sinancina na gaya mata cewa a harshenmu kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma har yau wanda ya tsiyace yakan ce ba shi da ko wuri. Ta sa na fito na rubuta kalmomin biyu a allo da boko. Tun daga ranar na yi shekaru ban mance harafi mai wuri a jikinsa ba, sai dai talauci da haɗama, 贫 da 贪, sun daɗe suna rikita ni saboda tsananin kama, kuma na ga hikima a cikin kamar tasu ko da ba da gangan aka yi ta ba.

Titi shi ne littafina na biyu. Haruffa biyun da na fara karantawa da kaina a waje su ne 出口, waɗanda na gani a kan kowace ƙofar fita a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga baya kuma na same su a saman takardun kayanmu, domin kalmar da ake faɗa wa mafita ita ake faɗa wa fitar da kaya zuwa ƙasashen waje. Sai 清真, alamar abincin halal, wadda a da nake gane ta da koren allo kawai. Na koyi cewa idan aka rubuta nama, 肉, ba tare da an ambaci sa ko tunkiya ko kaza ba, to alade ake nufi, kuma na fara juya kwalin biskit ina neman harafin alade da na giya a jerin kayan haɗi. Wanda bai taɓa yin shekara biyu yana cin burodi da ƙwai saboda tsoro ba, da wuya ya san daɗin da ke cikin wannan. Mai gidan da nake haya kuma tsoho ne da harshen Kanton, wato yaren mutanen yankin Guangzhou, ya fi zama a bakinsa, furucinsa da nawa ba sa haɗuwa ko kaɗan, amma idan muka rubuta a bayan takardar wuta sai mu fahimci juna sarai. Hong Kong ce ta sake mayar da ni baya, domin can ba su bi sauƙaƙa haruffan da aka fara a babban yankin ƙasar a 1956 ba, dokina mai zane uku sai na tarar da shi da zane goma, 馬. Duk da haka na yi murna da na ga saye da sayarwa a tsohon rubutu, 買 da 賣, kowanne da wurinsa a gindi.

Ban so in ba da labarin kamar komai ya tafi sumul. Jarrabawar HSK, wadda ake gwada baƙi da ita, a lokacin mataki shida ce, kuma mataki na huɗu yana buƙatar kalmomi 1,200 da maki 180 cikin 300. A zaman farko, a 2015, na faɗi. Sauraro ya yi kyau, amma a ɓangaren karatu lokaci ya ƙare ina tsakiya, saboda har a lokacin ina bin haruffa ɗaya bayan ɗaya da yatsa kamar mai haɗa baƙi, ga shi kuma rubutun ba ya barin fili tsakanin kalma da kalma, sai mai karatu ya yanka da kansa. Na kira Kawu na gaya masa, ya ce: “To, ai ko sauka ba a yi maka a shekara ɗaya ba.” Na ci a zama na biyu, na kuma ci mataki na biyar a 2017. A farkon shekarar ne na karanta labarin jarida na farko daga sama har ƙasa ba tare da na buɗe ƙamus ba, kuma labarin rasuwar Zhou Youguang ne, dattijon da ya jagoranci tsara pinyin, wanda ya rasu yana da shekara 111.

Akwai wata Juma'a da ba na mancewa. Mukan yi salla a masallacin Xianxian kusa da tashar jirgin ƙasa, inda akwai kabarin da mutanen garin suke dangantawa ga sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake littattafan tarihinmu sun ce a Baƙi'a aka binne shi. Bayan salla na zauna kusa da wani dattijo daga lardin Gansu mai farar hula, na ga yana duba wani ɗan littafi da ya rubuta da hannunsa da baƙaƙen Larabci. Na nemi izini na karɓa, na fara karantawa a bayyane, sai na ji abin da yake fita daga bakina ba Larabci ba ne, Sinanci ne. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce sunan rubutun xiaoerjing, da shi Musulmin arewa maso yammacin ƙasar suka daɗe suna rubuta harshensu, musamman waɗanda suka yi karatun masallaci ba su yi na gwamnati ba. Na karɓi bironsa na rubuta masa gaisuwa da ajamin Hausa, ya haɗa baƙaƙen ya furta “ina wuni” kusan daidai, ba tare da ya san abin da ya ce ba. Shi dattijon, ɗan ƙasa haifaffe, haruffan Sinancin da ya sani ba su kai nawa ba, kuma ya roƙe ni na karanta masa wata takardar asibiti da ke aljihunsa. Na karanta masa abin da na iya, hannuna yana ɗan rawa.

Amfanin da Kawu ya biya kuɗin makaranta dominsa ya zo ne a kan kafin alƙalami. A Sinanci akwai kalmomi biyu da ake furtawa iri ɗaya sak, “dingjin”, har karin sautinsu ɗaya, ta yadda kunne ba shi da hanyar raba su. Ɗaya ana rubuta ta 定金, kuma a dokarsu jingina ce mai ɗaure kowa: idan mai saye ya fasa, kuɗinsa sun tafi, idan kuma mai sayarwa ne ya saɓa, zai mayar da ninki biyu, muddin kuɗin ba su wuce kashi 20 cikin 100 na cinikin ba. Ɗayar kuwa, 订金, wadda take ɗauke da tushen magana a gefenta, somin biya ce kawai, mai kaya yana iya saɓawa ya mayar maka da abinka ba tare da ko sisi a kai ba. A 2016, a ofishin wata masana'anta, aka miƙo mini takarda ana nuna mini inda zan sa hannu, na ce a ba ni minti goma. Na bi ta layi layi, na tabbatar da 全棉 yana nan, na duba adadin kuɗin da aka rubuta da manyan lambobinsu na takardun kuɗi, irin su 壹 mai zane goma sha biyu a madadin ɗaya mai zane guda, waɗanda aka tanada domin kada wani ya ƙara zane ya mayar da ɗaya uku. Da na iso kan kafin alƙalami sai na ga mai tushen magana aka rubuta. Na ɗauki biro na rubuta ɗayan a gefen takardar, zane bayan zane bisa tsari, na ce wa mai masana'antar, wanda suke kira Laoban, wato maigida: “Laoban, wannan nake so.” Mutumin ya dubi rubutun, ya dube ni, ya kira sakatariyarsa ta sake bugawa, sannan ya zubar da shayin da ke gabanmu ya sa aka kawo wani daga cikin kabad. Ba na cewa ya yi niyyar cuta, domin su kansu suna rikita kalmomin biyu, amma daga ranar maganarmu ta sauya salo.

A watan Janairun 2020 na dawo gida hutu kafin bikin sabuwar shekararsu, da niyyar yin wata guda, sai annobar korona ta ɓarke, aka rufe ƙasar ga baƙi a ƙarshen Maris, ban sake taka ta ba sai 2023. A shekarun nan uku ciniki bai tsaya ba, ta manhajar waya ta WeChat muke yi, kuma a waya pinyin kawai ake bugawa, haruffa su jeru, mutum ya zaɓi wanda yake so. Ido ya ci gaba da ganewa, hannu kuwa ya yi ta zubarwa ban sani ba, sai ranar da na so in nuna wa ɗiyata yadda ake rubuta riba, na ɗora biro, na zana wurin, sauran ya ƙi zuwa. Sinawa suna da karin magana a kan wannan, wai a ɗaga alƙalami a mance harafi, kuma su ma abin yana damunsu tun da waya ta yawaita. Duk mahaddaci ya san ciwon nan da maganinsa, don haka na koma tilawa: bayan sallar asuba da karatun Alƙur'ani, shafi ɗaya na littafi mai gidaje kafin in fita kasuwa.

Yanzu a layinmu na Kwari an san ni da wannan, kuma ba yadi kaɗai ake kawo mini ba. Mai kwalin magani, mai takardar injin markaɗe, mai saƙon murya daga wani dillali a birnin Yiwu na ƙasar Sin, duk sukan biyo, ni kuma ina karanta abin da na iya, in faɗi gaskiya a kan wanda ya fi ƙarfina. Abin da ya fi ƙarfina har yau shi ne rubutun hannu na gaggawa, inda ake haɗe zane biyar a ja ɗaya. A watan jiya muka kwance wata dila muka tarar da 'yar takarda a cikin bandir ɗaya, wani ma'aikacin sito ya yi mata rubutun tafiyar tsutsa da biro. Na yi yamma guda a kanta, harafin mita da na ragi kawai na iya cirowa. Na ɗauki hotonta, na haɗa da 'yar wasiƙar gaisuwa da na rubuta da hannuna, na tura wa Laoshi. Da safe na tarar da amsarta: takardar tana cewa bandir ɗin ya gaza da mita biyu kuma an cire kuɗinsu daga lissafi. A ƙasan amsar ta dawo mini da hoton wasiƙata, ta kewaye harafin godiya, 谢, da jan layi, ta ce na tsallake zane ɗaya a tsakiyarsa, in rubuta shi sau ashirin. Na sa yaron shago ya auna bandir ɗin, mita biyun kuwa babu su, kuma an cire su a takardar kuɗi kamar yadda aka ce. Bayan sallar isha'i na rubuta harafin sau ashirin, na ɗauki hoto na tura mata.